Shi Ya Ja Wa Kansa

Daren Talata nake buɗe layin waya a shirina. Sa'a ɗaya ce bayan sallar isha'i, kuma yawanci maganar taki ce da farashin shinkafa da albasa, sai ko gaisuwa ga 'yan'uwa da ke tsallaken ruwa. Wani dare cikin daminar bara wata tsohuwa ta kira daga wani ƙauye kusa da garinmu Tumbutu. Ba Tumbutun Mali nake nufi ba, tamu tana nan ƙasar Benin, a yankin Malanbil, kusa da kogin Kwara wanda 'yan'uwanmu Dandawa ke kira Isa. Wayar aro ce, ana jin mai ita a gefe yana cewa ta yi sauri, kuɗi na tafiya.

Na ce, "Inna, muna jin ki."

Ta ce, "Ɗan nan, tambaya gare ni. Kullum kuna cewa gwamnati ta fito da katin magani. Shin katin nan ya shafi ɗan tramol?"

Kafin in haɗa amsa layi ya yanke. Wanda ya kira bayanta wani Alhaji ne ɗan kasuwa da na san muryarsa, mutumin kirki, wanda maƙwabcinsa ba ya kwana da yunwa. Ya ce, "Malam, ka gaya wa baiwar Allah nan gaskiya. Kuɗin jama'a ba na 'yan maye ba ne. Wa ya aike shi? Shi ya ja wa kansa." Kira ya yi ta shigowa, mafi yawa suna bayan Alhaji. Ni kuwa na yi abin da aka koya mana a makarantar aikin jarida: na gode wa kowa, ban ɗauki ɓangare ba, na sa waƙa. Na kwana ina jin kunyar waƙar nan.

Bayan sati biyu na bi lambar wayar har na sami gidan. Yaron, wanda zan sakaya sunansa, bai kai shekara ashirin da biyar ba. Da can dashen shinkafa yake yi a fadamun mutane, ana biyansa a yini. Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a watan Yuli na 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, sai kaya da mutane suka koma bin kwale-kwale, aikin dako ya buɗe a bakin ruwa. A can ba yini ake biya ba, buhu ake ƙirgawa. Wani abokin aikinsa ne ya fara jefa masa ƙwaya ɗaya cikin kofi a teburin mai shayi, ya ce zai ji bayansa ya saki. Bayan kuwa ya saki. Ranar ya ɗauki buhunan da bai taɓa ɗauka ba, ya kawo wa uwarsa kuɗin da bai taɓa kawowa ba, ta sa masa albarka. Ita ta faɗa mini wannan da bakinta, kuma a nan ne muryarta ta karye.

Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Ya fara faɗuwa yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, sau ɗaya har cikin ruwa, masu jirgi suka tsamo shi. Aiki ya gagara, amma jikin bai daina neman abinsa ba, sai ya koma ɗauke-ɗauke. Kawunansa suka sa masa mari, suka ɗaure shi a gindin darbejiya da ke tsakar gida. Inna ta sayar da awakinta uku ta kai shi Paraku, tafiyar da ta haura kilomita 300, inda likita ya karɓe su da mutunci, ya rubuta magani, ya ce su riƙa dawowa. Sun koma sau ɗaya. A na uku babu sauran akuya.

Ga wanda bai san abin ba, tramol shi ne tramadol, maganin kashe raɗaɗi daga dangin ofiyom, wanda wani kamfanin Jamus mai suna Grünenthal ya fitar kasuwa a 1977. Magani ne na gaske, ana ba wanda aka yi wa tiyata ko mai karaya. A asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma likitoci ba sa wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tire da bakin tasha kuwa 120 ne, 200, 225, har 250 a ƙwaya guda, yawancinsa daga Indiya yake shigowa ta tashoshin jiragen ruwa irin su Kwatano da Lome da Legas. Ƙwaya huɗu ta 225 ko 250 ta ninka iyakar likita har ta wuce, shi ya sa ake faɗuwa ana shure-shure. Idan jiki ya saba kuma aka yanke masa rana ɗaya, ga gumi, ga zawo, ga ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci da tsoron da ba shi da dalili. Wanda bai taɓa ganin wannan ba shi ke cewa "ai sai ya bari kawai". Ni ma na faɗa, a iska ma kuwa.

Kuma abin ba na Malanbil kaɗai ba ne. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu amfani da ƙwayoyi, cikinsu miliyan 4.6 suna shan irin su tramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. Aka matsa wa tramol lamba a tashoshi, sai ga wata sabuwa mai suna Tafrodol, wadda BBC ta sake bin sawunta har Mumbai a farkon 2025. A toshe wannan rami, ɓera ya fito ta wancan. Duk hankalinmu yana kan kwantena da jami'an kwastan, yaron da ke gindin darbejiya kuwa an bar wa uwarsa.

To, katin da Inna take tambaya fa? Benin ta daɗe tana neman hanyar da talaka zai ga likita ba tare da ya sayar da akuya ba. Zamanin Boni Yayi an ƙaddamar da wani tsari mai suna RAMU a 2011, bai yi nisa ba. Gwamnatin Patrice Talon ta kawo ARCH, aka fara gwada ɓangarensa na lafiya a 2019 a wasu yankuna, ciki har da Jugu, ana ba mafi talauci kati gwamnati na biya musu. A farkon 2021 kuma aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Najeriya ma ta yi irin tata a 2022. Sai dai kowace inshora tana da jerin abin da take biya, kamar zazzaɓin cizon sauro da haihuwa, kuma mutane ne ke zama su rubuta jerin nan. Duk abin da ba a rubuta da sunansa ba, ma'aikacin da ke bakin taga ba zai biya ba, ko da yana da tausayi. Tambayar Inna ke nan idan aka fassara ta zuwa harshen ofis: a rubuta maganin mai jarabar ƙwaya cikin jerin, ko kada a rubuta?

Na ɗauki maganar Alhaji da muhimmanci, don ba ƙarya ya yi ba. Babu wanda ya danne yaron nan ya ɗura masa ƙwaya. Ya ji ana cewa ba ta da kyau, ya ga waɗanda ta lalata, ya miƙa hannu ya karɓa. Duk wanda ya ce ba shi da laifi ko kaɗan ya raina shi, ya mayar da shi dabbar da ba ta da zaɓi. Abin da ya hana ni barci shi ne wata tambaya daban: idan muka ɗauki "shi ya ja wa kansa" muka mayar da ita doka a ƙofar asibiti, wa zai shiga?

Ɗan kabu-kabun da ya bar hular kwano a gida ya fasa kai a hanyar Kandi, shi ya ja wa kansa. Manomin da ke fesa maganin ƙwari ba takunkumi, alhali an gaya masa, shi ya ja wa kansa. Mai gidan da aka ba gidan sauro kyauta ya kai shi lambu ya rufe irin albasa da shi, sannan zazzaɓi ya kwantar da shi, wa ya aike shi? Dattijon da likita ya hana sukari amma ba ya iya shan shayi sai cokali huɗu, haka nan. Ban taɓa jin wani ya kira shirina ya ce a hana waɗannan magani ba. Muna yi musu faɗa, muna yi musu dariya, sannan mu haɗa kuɗin mota mu kai su asibiti. Ashe ba laifin muke aunawa ba. Ɗan tramol yana ba mu kunya ne, yana wari, yana sata, yana zagin uwarsa a bainar jama'a, mai ciwon sukari kuwa yana zaune cikin babbar riga. Ina fahimtar ƙyamar, ni ma na ji ta a tsakar gidan nan. Amma idan ita za mu bi, sai mu faɗi sunanta, kada mu sa mata rawanin adalci. Kuma sai mu yarda ma'aikaciyar jinya ta zama alƙali, ta fara tuhumar kowane majinyaci kafin ta ɗaura masa ƙarin ruwa.

Akwai kuma abin da ba mu son tunawa. Yaran nan da yawansu ba don nishaɗi suka fara ba. Sun fara ne a gonakinmu da bakin ruwanmu da kan baburan da muke hawa. Mu ne muke taya ɗan dako har sai ya sauko, mu yi murna mun yi ciniki. Mu ne muke yaba wa lebura cewa ba ya gajiya, mu ce gobe shi za a kira. Mai gona ya san abin da ke cikin kofin da ake sha da asuba, ya kau da kai, don dashe ba ya jira. Na tsaya a kasuwar Malanbil ranar cinta ina kallon yaro siriri ɗauke da buhun da ya fi shi nauyi yana gudu da shi, na ce a raina ƙarfin hali, ban tambayi kaina ƙarfin na wane ne ba. Ƙarfin da ƙwayar ta ara masa mu muka ci moriyarsa, cikin shinkafa mai araha da kayan da suka tsallake ruwa a kan lokaci. Da lokacin biyan bashin ya zo sai muka ce shi kaɗai ya ci.

Wasu suna ɗaukar inshora kamar adashi, ka zuba ka kwashi naka. Ta fi kama da gudummawar gobara. Idan wuta ta tashi a layin rumfuna babu mai tsayawa da bokiti a hannu yana tambaya fitilar wa ce ta faɗi. Ana kashewa tukuna, saboda rumfar kowa tana jingine da ta wani. Kuma kada mu yaudari kanmu cewa yanzu ba ma biya. Muna biya da tumakin da ke ɓacewa da dare, da fasinjar da ɗan kabu-kabu ya zubar a kwalta ido rufe, da tuwon da gwamnati ke ciyar da shi a gidan kaso, da 'ya'yan da ya bari sun koma hannun kaka. Wannan kuɗin yana fita kullum, ba ya warkar da kowa.

Duk da haka akwai wadda ta ƙure ni, kuma ba Alhaji ba ne. Wata yayata ce, ungozoma a wata ƙaramar cibiyar lafiya. Da na zayyana mata duk wannan sai ta ce, "Kai ɗan jarida, baki gare ka. Idan jika ɗaya ce ta rage a asusu, ga yaro ɗan shekara biyu zazzaɓi ya shanye masa jini, ga ɗan tramol ɗinka, wa zan ba?" Jika a wurinmu sefa dubu ce. Na ce, "Yaya, yaron za ki ba." Ta ce, "To." Ba ta ƙara ba.

Na daɗe ina juya wannan "to". Asusun ƙarami ne, wannan gaskiya ce, kuma maganin jarabar ƙwaya ba allura ɗaya ba ce. Watanni ne na zuwa da dawowa, kuma da yawa za su koma ruwa bayan an kashe musu kuɗi. Wanda ya ce abin ba zai ci kuɗi ba, siyasa yake yi. Abin da na iya gaya mata daga baya shi ne, a daren da yaron zai mutu, ba shakka shi ne farko, amma ba a rubuta doka don dare ɗaya. Jerin abin da asusu zai biya ana tsara shi ne na shekaru, kuma a kan wannan teburin ɗan tramol ba da jariri kaɗai yake gogayya ba, yana gogayya da duk wani abin da ƙasa ke kashe wa kuɗi, har da ginin gidan kason da za a kai shi. Sau da yawa ma jaririn da take magana ɗansa ne, kuma abin da ya sa aka kawo shi a makare shi ne uban ya shanye kuɗin mota. Batun komawa ruwa kuwa, mai hawan jini ma yana barin magani ya dawo a kwance, ba mu taɓa cewa ya cinye rabonsa ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce in je in faɗa wa masu rubuta jerin. Ban ce na gamsar da ita ba.

Wani malami da nake gayyata shirin azumi ne ya ba ni abin da ban zata ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ana taimakon wanda ya jefa kansa cikin halaka da kuɗin jama'a?" Sai ya kawo mini misalin zakka. Cikin waɗanda ke da rabo akwai wanda bashi ya yi wa katutu. Malaman fiƙihu sun yi magana kan wanda ya ci bashin ta hanyar saɓo, suka ce ba a biya masa matuƙar yana kan saɓon, amma idan ya tuba da yawansu sun ce a biya. Ya dube ni ya ce wanda ya tako da ƙafarsa zuwa ƙofar likita yana neman a raba shi da ƙwaya, me ya rage masa na juyowa? Kuɗin ba na sayen tramol ba ne, na fita daga cikinsa ne. Ya ƙara da cewa wannan bai wanke shi daga haƙƙin mai tunkiyar da ya sace ba, wannan bashi ne daban, yana nan wuyansa. Na ji daɗin wannan ƙarin, don ina tsoron irin tausayin da ke mantawa da wanda aka cuta.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan rami sun bar mana sawu. A Amurka kamfanonin magani ne suka cika ƙasar da dangin ofiyom ta hannun likitoci tun wajen 1996. A 2008 suka yi dokar da ta hana kamfanonin inshora tsananta sharuɗɗa kan maganin jarabar ƙwaya fiye da na sauran cututtuka, a 2010 dokar lafiya ta Obama ta sa shi cikin abubuwan da dole inshora ta ɗauka. Duk da haka a 2022 sama da mutum 100,000 ƙwayoyi suka kashe a can. Doka ta buɗe ƙofa, amma ba ta haifar da likita a ƙauye ba. Kusa da mu, Senegal ta buɗe cibiyar CEPIAD a Dakar a ƙarshen 2014, inda ake ba masu jarabar hodar ofiyom maganin metadon a asibitin gwamnati. A shekarar ce kuma wani kwamiti da Kofi Annan ya kafa, Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ya shawarci ƙasashen Afirka ta Yamma su ɗauki mai shan ƙwaya a matsayin majinyaci. Shawarar ta haura shekara goma.

Saboda haka ko an rubuta sunan ciwon cikin jeri, idan maganin yana Paraku ko asibitin ƙwaƙwalwa na Jako a Kwatano, fiye da kilomita 700 daga nan, Inna ba ta tsira ba. Ba kuɗin likita ne ya cinye awakinta ba, mota ce da abinci da kwana a garin da ba ta san kowa ba. Abin da zai yi mata amfani shi ne ma'aikacin jinya a cibiyar da ke kusa da ita wanda aka koya wa yadda ake rage wa mutum ƙwaya sannu a hankali, yadda ake tarar farfaɗiya, da wanda zai zauna da yaron ya saurare shi duk sati, kuma kati ya biya wannan zaman kamar yadda yake biyan allura. Cibiyoyin Saint Camille da Grégoire Ahongbonon ya kafa, har da ta Jugu, sun shekara da shekaru suna kwance wa masu taɓin hankali sarƙa a ƙasar nan, da ɗan abin da ke hannunsu. Abin da mai gyaran taya ya fara da kuɗin sadaka bai kamata ya gagari majalisar da ke Porto-Novo ba.

Na koma gidan bayan girbi. An cire masa marin, yana zaune a inuwa yana gyaran kalli na wani masunci, hannunsa na ɗan rawa. Ya gaishe ni, "Sannu da zuwa, Yaya," bai ɗago ido ba. Inna ta ce wata biyu ke nan bai sha ba, ko dai ita ba ta gani ba. Sarƙar tana nan rataye a reshen darbejiya, kawunansa sun ce kada a mayar wa maƙeri tukuna. Da zan tafi ta rako ni bakin zaure ta sake yi mini tambayarta, da kalmomin da ta yi ta a waya. Na ce mata ɗan majalisar yankinmu ya yi alkawarin zuwa shirin idan sun sami hutu, kuma tambayarta ce ta farko a takardata. Ta ce in gaya mata ranar tun da wuri, don ta samu ta ari waya.